Gam, Soso da Jirgin Ruwa: Abin da Ke Kamawa da Abin da Ke Narkarwa

Akwai wata dabara da ta yaɗu a garuruwanmu, daga masu liƙin kwanon rufi har zuwa masunta a bakin kogi. A samo farin soson nan da ake kewaye firji ko talabijin da shi a cikin kwali, a tsoma shi cikin fetur, nan take ya narke ya koma danƙo, sai a shafa inda ke yoyo. Yakan tare ruwa na ɗan lokaci kafin rana ta busar da shi ya tsattsage. Abin lura a nan shi ne yadda soso cike da buhu yake ƙarewa a cikin kofin fetur guda. Kusan kashi 98 cikin ɗari na jikinsa iska ce, ragowar kuma roba ce mai suna folistirin, wadda fetur da tina da asiton ke narkarwa. Da yawa daga cikin gam masu ƙarfi da ake sayarwa a kasuwa suna ɗauke da dangin waɗannan sinadarai. Shi ya sa mutum zai sayi gam mafi tsada a shago, ya shafa wa kular kifinsa da ta tsage, kafin ya juyo ya tarar tsagar ta zama rami.

Tambayar da mai saye ya saba yi wa mai shago ita ce, "Wanne ya fi ƙarfi?" A ganina ita ce ya kamata ta zo a ƙarshe, ballantana idan abin da za a liƙe zai ɗauki rayuka a kan ruwa. Gam ɗin kirki irin efoksi, wanda ake haɗa ruwa biyu kafin ya kama, ya ninka farin soso ƙarfi fiye da sau ɗari, don haka idan an yi aikin daidai, soson ne zai yage ya bar gam ɗin a wurinsa. Abin nema shi ne gam ɗin da ba zai ci soson ba, zai kama fuskarsa, zai jure zama a ruwa wata da watanni, kuma zai bar mai aiki ya gama shafawa kafin ya daskare a irin zafinmu.

Soso iri-iri ne, kuma ba duka ne 'yan gida ɗaya ba. Farin nan mai ƙwaya-ƙwaya, wanda yake warwatsewa idan an karya shi, shi ne EPS, kuma shi ne a jikin kulolin da ake zuba kifi da ƙanƙara. Akwai ɗan'uwansa XPS, allo mai santsi, shuɗi ko ruwan hoda, da ake jerawa a bango don tare zafi. Ya fi EPS ƙin ruwa, amma tushensu ɗaya, abin da ya narkar da wancan zai narkar da wannan. Sai foliyuretan, mai fuska biyu. Akwai mai laushi na katifa da kujera, wanda ramukansa a buɗe suke yana zuƙar ruwa, ba shi da wurin zama a jirgi sai a kan benci. Akwai kuma mai tauri, ruwan ɗorawa, irin wanda za ka gani idan ka fasa bangon tsohon firji, shi kam fetur ba ya narkar da shi. Sai soson PVC mai tauri da aka yi musamman don ƙera jirgi, irin Divinycell na kamfanin DIAB da ke Suwidin ko Airex na Suwizalan. Lambar da ke jikinsa nauyinsa take faɗa: H80 na nufin kilo 80 a kowace mita kubik. Mafi taurin kai a cikinsu shi ne dangin foliyetilin da EVA, na silifas da tabarmar motsa jiki, masu fuska mai sulɓi da yawancin gam ba ya samun makama a kanta. Gano folistirin ba wuya. A ɓallo guntu a ɗiga masa asiton, ko ruwan goge jan farce idan babu. In ya lotsa nan take, shi ne.

Inda rashin sanin wannan ya fi ɓarna shi ne aikin faiba. Jirgin faiba zaren gilashi ne da aka jiƙa da rezin ya daskare, kuma rezin ɗin da ya fi yawa a kasuwa, saboda araharsa, shi ne foliyesta. Warin nan mai hawa kai da ake ji a wurin masu faiba na sitirin ne, ruwan da yakan kai kashi ɗaya cikin uku na rezin ɗin ko fiye. Daga sitirin ɗin nan aka yi folistirin tun asali, shi ya sa da sun haɗu yake mayar da shi ruwa. Wanda ya sassaƙa benci ko murfin kula da farin soso, ya shimfiɗa faiba ya zuba foliyesta, kafin ya wanke buroshi aikin ya lotsa. Wani rezin ɗin mai suna binilesta ya fi foliyesta jure ruwa, amma shi ma sitirin ne a cikinsa, hukuncinsu ɗaya. Wasu kan yi wa soson katanga da fentin ruwa ko tef kafin su zuba rezin. A kan abin ado za a iya tsira da haka. A jirgi kam ban yarda da shi ba, domin ƙaramar ƙofa ɗaya da aka manta ta isa, kuma ko an tsira, fenti faibar ta kama ba soso ba. Folistirin da efoksi yake tafiya, domin efoksi ba shi da sinadarin narkarwa. Foliyuretan mai tauri da PVC kuwa suna karɓar kowane ɗaya daga cikin rezin ukun. Masu ƙera allon hawan igiyar teku a Amurka sun ga haka a aikace a Disambar 2005, lokacin da kamfanin Clark Foam na Kalifoniya, wanda yake samar musu da mafi yawan soson foliyuretan, ya rufe ba zato ba tsammani. Da yawansu suka koma EPS, kuma tilas suka canja rezin zuwa efoksi tare da shi.

Dalilin da ya sa ake damuwa da liƙin soso da faiba shi ne yadda jikin jirgin zamani yake. Fata biyu ce ta faiba, siraran, da soso a tsakaninsu. Kowace ita kaɗai lanƙwashewa take yi, amma idan soson ya riƙe su biyun da tazara a tsakani, sai su zama allo mai tauri marar nauyi. Duk lokacin da igiyar ruwa ta bugi jirgi, fata ɗaya tana son zamewa a kan ɗaya, soson da gam ɗin ne suke hana su. Da liƙin ya saki, an koma fatu biyu masu laushi. Shi ne za ka taka daɓen jirgi ka ji yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafarka. Masu gyara suna bin jikin jirgi da kwabo ko ƙaramar guduma suna ƙwanƙwasawa: inda liƙi yake lafiya ƙara ce mai kaifi, inda ya saki kuwa dushi-dushi. Wannan zamewar ce kuma ta sa EPS da XPS ba su dace da tsakiyar jikin jirgi mai inji ba, ko da an liƙe su da efoksi mafi kyau, domin su kansu ba su da ƙarfin jure ta. Aikin PVC ne wannan.

Efoksi ba sabon abu ba ne. Wani masani ɗan Suwizalan, Pierre Castan, yana cikin waɗanda suka gano shi, kuma a 1946 kamfanin Ciba ya fito da shi da sunan Araldite, sunan da har yau kafintoci da makanikai suka sani. Waɗanda suka shahara wajen shigar da shi aikin jirgin katako su ne 'yan gidan Gougeon na garin Bay City a jihar Michigan, da suka kafa sana'arsu a 1969 suka fito da efoksin WEST System. Ruwa biyu ne, rezin da mai daskarwa, kuma a wajen haɗa su ne aka fi yin kuskure. Wanda ya saba da foliyesta ya san cewa ɗigon MEKP, ruwan da ke daskarar da ita, yake sawa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, yana ƙarawa ranar sanyi yana ragewa ranar zafi. Da ya zo kan efoksi sai ya ɗauka haka abin yake, ya ƙara mai daskarwa don ya yi sauri. A efoksi ruwan biyun haɗuwa suke yi ƙwaya da ƙwaya, duk wanda ya yi rara zai zauna a ciki bai daskare ba, abin ya fito da taushi ko danƙo har abada. Idan an rubuta biyar da ɗaya, kamar rezin 105 da mai daskarwa 205 na WEST, biyar da ɗaya ɗin ne, a auna da sirinji ko sikeli, ba da ido ba. Wani kamfanin biyu da ɗaya ne, wani ɗaya da ɗaya, kuma ba a haɗa rezin ɗin wannan da mai daskarwar wancan. Ƙaramin efoksin nan mai kamawa cikin minti biyar yana da amfani wajen riƙe abu kafin a yi ainihin aikin, amma ba ya jure doguwar jiƙa, kada a sa shi ƙasan layin ruwa.

Sai batun zafi, wanda umarnin da ke jikin gwangwani ba da mu aka rubuta shi ba. Lokacin aikin da ake bugawa yawanci an auna shi ne a digiri 22 zuwa 25 na ma'aunin salshiyas, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi. Haɗin da aka ce yana ba da minti 20, a Yawuri ko Baga cikin watan Afrilu, rana tana neman digiri 40 ko ta wuce, da ƙyar zai ba da minti bakwai. Ƙari a kan haka, efoksi yana haifar da nasa zafin yayin daskarewa. Idan aka bar shi cunkushe a kofi zai yi zafin da zai narkar da kofin roba har ya yi hayaƙi. Folistirin kuwa daga wajen digiri 80 yake fara laushi, don haka wanda ya cika babban rami a jikin EPS da efoksi zalla zai iya narkar da soson da zafi, ko da yake sinadarin bai taɓa shi ba. Maganin shi ne a yanka guntun soso daidai ramin a cusa, gam ya zama siriri a gefe. A nemi mai daskarwa mai jinkiri, irin 206 ko 209 na WEST, a haɗa kaɗan-kaɗan, a juye a faranti mai faɗi da zarar an gauraya. Lokacin aiki ma yana da muhimmanci. Da safe akwai sanyi, amma zafi yana hauhawa ne, iskar da ke cikin soso da katako tana kumbura tana fitowa ta huda rezin ɗin da ƙwayoyin kumfa. Bayan la'asar, zafi yana sauka, ramukan zuƙar rezin suke yi. A inuwa, bayan la'asar, nan ne aikin ya fi kyau. Bayan an gama kuma a rufe da fenti mai haske, domin hasken rana yana cin efoksi, kuma baƙin fenti a tsakar rana yana iya kai shi zafin da zai fara laushi.

Efoksi tsinkakke gudu yake yi ya bar haɗi fayau. Shi ya sa ake aiki hawa biyu: a fara shafa tsinkakken a fuska biyun su sha, sannan a kaurara ragowar da garin silika ko lallausar ƙurar katako har ya kai kaurin tunkuza, a shafa, a haɗa. A matse daidai yadda zai ɗan fito ta gefe, kada a matse har a kore shi duka. Kafin nan a goge da samfefa mai lamba 80, har da fuskar XPS mai santsin nan. Katako ya zama busasshe, danshinsa bai wuce kashi 12 cikin ɗari ba, mai maiƙo irin iroko kuma a share shi da asiton dab da shafawa. Idan shafin farko ya kwana, wani maiƙo-maiƙo yakan fito a samansa, musamman da damina, ruwa da soson wanki ne ke cire shi kafin a ƙara wani. A tuna kuma efoksi yana kama tsohuwar foliyesta da kyau, amma foliyesta ba ta kama efoksi sosai.

Ba kowane aiki ne yake buƙatar efoksi ba, ga shi da tsada. Don haɗa soso da soso, ko soso da katako a inda babu nauyi, gam ɗin foliyuretan mai ruwa ɗaya, irin Gorilla Glue na asali, ya wadatar kuma ba ya cin folistirin. Danshi ne ke daskarar da shi, don haka da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, sai an ɗan yayyafa ruwa a fuska ɗaya. Yana kumbura ya ninka kansa, ya ture abin da aka haɗa in ba a danne ba. Kumfar da yake cika gurbi da ita tana ruɗar mutane, su ga kamar haɗin ya cika, alhali ba ta da ƙarfi. Sai haɗin ya zauna daram kafin a dogara da shi. Farin gam na kafintoci kuwa ruwan cikinsa ne yake bushewa kafin ya kama, tsakanin soso biyu ruwan ba shi da mafita, sai a yi mako tsakiyar tana ɗanye. Ko Titebond III, wanda ya fi sauran jure ruwa, masu yin sa sun ce ba na nutsewa dindindin ba ne. Sufa gulu yana cin EPS kuma yana karyewa. Gam ɗin kyandir na bindiga yana narkar da soso, rana kuma ta sake narkar da shi. Sholisho da Evo-Stik sun dace da soson kujera da EVA, a shafa fuska biyu a bari ya sha iska sannan a haɗa, amma guba ne ga folistirin. Wanda yake son na fesawa ya nemi wanda aka rubuta folistirin a jikinsa, kamar 3M 78.

Jirgin katako kashi biyu ne, kuma bai kamata a yi musu magani ɗaya ba. Na fulawud, wanda ake ɗinke alluna da waya a cika kusurwoyi da efoksi mai kauri a rufe da faiba, salon da ƙaramin jirgin Mirror ya yaɗa a Ingila tun farkon shekarun 1960, busasshe yake zama domin an rufe katakon ta kowace fuska. A nan efoksi ba shi da na biyu, in dai fulawud ɗin na ruwa ne, mai lambar BS 1088, wanda galibi ake yi da itacen okume na Gabon. Fulawud ɗin kabad zai ɓaɓɓare daga ciki komai kyan gam ɗin da aka sa masa a waje. Kwale-kwalen falanki da ƙusa, irin na Kogin Kwara da Kainji da Tafkin Chadi, dabam yake. Falankinsa suna shan ruwa su kumbura su matse juna, a tudu kuma su bushe su buɗe. Gam mai tauri a irin wannan haɗi ko dai ya tsage ko ya tsaga katakon. Auduga ko tsumma da kwalta da magabata suke cusawa suna da hikima, domin suna motsi tare da katakon. Wanda yake son na zamani ya nemi mai taushi irin Sikaflex 291 ko 3M 4200. Shi 3M 5200 yakan ɗauki mako guda kafin ya gama daskarewa, kuma in ya kama, raba shi sai da ɓarna, don haka kada a sa shi a abin da wata rana za a kwance. Silikon ɗin banɗaki a nisance shi, ba ya riƙo, kuma inda ya taɓa fenti da gam ba sa sake kamawa. Abin da ya fi damuna shi ne lulluɓe tsohon kwale-kwale jiƙaƙƙe da faiba da foliyesta. Yana fitowa gwanin kyau, yoyo ya tsaya, amma foliyesta ba ta kama jiƙaƙƙen katako. Faibar takan saki, ruwa ya kwanta tsakani, katakon ya ci gaba da ruɓewa inda ido ba ya gani, mai jirgi kuma yana ƙara lodi da ƙarfin gwiwa.

Akwai soson da aikinsa hana jirgi nutsewa ne kawai idan ya cika da ruwa. Wani Ba'amurke, Dick Fisher, ya fito da jirgin Boston Whaler a 1958 da jiki cike da foliyuretan, kuma a 1961 mujallar Life ta buga hotonsa yana zaune a ciki ana raba jirgin biyu da zarto, bai nutse ba. Lissafin mai sauƙi ne. Mita kubik ta ruwa kilo 1,000 ce, ta soson zubawa mai ruwa biyu kuwa kilo 32, saura kusan kilo 970 da zai iya ɗagawa. Yana kumbura sau 25 zuwa 30, da ƙarfin da zai iya ɗaga daɓe, don haka kaɗan-kaɗan ake zubawa a bar masa mafita. Na gwangwanin fesawa da ake toshe ramin bango da shi yana shan ruwa a hankali, ba na wannan aikin ba ne. A Amurka doka ta wajabta abin hana nutsewa a ƙananan jiragen inji da ba su kai ƙafa 20 ba, ta kuma ce wanda ke inda fetur zai iya kaiwa dole ya jure fetur. Jarkar mai ɗaya da ta zube a ƙasan jirgi ta isa ta cinye EPS ɗin da aka ɓoye a can ba wanda ya sani. Idan shi kaɗai ake da shi, a rufe shi ruf da efoksi da faiba, a ɗaure shi a sama ta gefuna da ƙarƙashin benci. Wanda aka tara a ƙasa kaɗai yana iya sa jirgin da ya cika da ruwa ya kife.

Jirgin roba mai kauri na foliyetilin walda ake masa da iska mai zafi da sandar roba irin tasa. Na hurawa kuma sai an san ko PVC ne ko robar da ake kira Hypalon, domin kowanne da nasa gam mai ruwa biyu, na wannan ba ya riƙe wancan. Rigar ceto da sosonta ya karye ko ya lotse ba a liƙe ta, canja ta ake yi.

Kada a taɓa efoksi da hannu tsirara. Jiki yana iya ƙin sa bayan an daɗe ana taɓawa, kuma in ya ƙi, ƙaiƙayi da kumburi ne duk ranar da aka kusance shi. Ɗigon MEKP ɗaya a ido yana iya makantarwa, haɗa shi kai tsaye da sinadarin kobal, wanda ke hanzarta daskarewar foliyesta, kuwa gobara ce. Ba a yanka foliyuretan da waya mai zafi saboda gubar hayaƙinsa.

A kasuwanninmu sau da yawa rezin a gorar ruwa ake auno shi, ba suna ba kwanan wata. Wari yana taimakawa, foliyesta tana hawa kai, efoksi kusan ba shi da wari sai mai daskarwarsa. Amma gwaji ne ke raba gardama. A liƙe guntaye na ainihin soson da katakon da za a yi aiki da su, a bar su su daskare kwana biyu ko uku, a jefa wasu a bokitin ruwa su yi mako guda, sannan a karya su da hannu. Idan soson ne ya yage ya bar namansa a kan gam ɗin, ko katakon ya bar zare-zare, haɗin ya yi. Idan gam ɗin ya ɓantare fes ya bar fuska mai sheƙi, ko dai bai dace da kayan ba ko ba a goge da kyau ba. Idan kuma farce yana shiga jikinsa bayan kwana uku, awon ne ya kauce ko kayan sun tsufa, a sake haɗawa a sake gwadawa kafin a taɓa jirgin.